Laifin Wane Ne Ranar Asabar? Tunani a Kan Nasara, Zargi da Riƙon Amana



Ranar 30 ga Nuwamba 2004, Jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana ta ƙasar Amurka ta sallami mai horar da 'yan ƙwallonta, wani mutum da ake kira Tyrone Willingham. Jami'ar ta Katolika ce. Fada Edward Sorin ne ya kafa ta a 1842, sunanta kuwa na Faransanci ne, ana nufin Uwarmu Maryamu. Sa'ad da shugaban sashen wasanni na jami'ar ya tsaya gaban 'yan jarida domin ya bayyana dalili, bai zargi mutumin da ƙarya ko sata ko lalaci ba. Sai ma ya yabe shi. Ya ce daga Lahadi zuwa Juma'a aikinsa ya wuce duk yadda aka zata, karatun yaran da ke hannunsa bai taɓa yin kyau haka ba. Abin da ya rage shi ne ranar Asabar, watau ranar da ake fita fili a buga wasa. A nan ne ba a samun nasara yadda ake so.

Tun da na karanta wannan labari yake yi mini yawo a zuciya. Kwana shida mutum ya riƙe amana, kwana ɗaya sakamako bai gamsar ba, sai kwana ɗayan ya rinjayi shidan. Shugaban jami'ar na lokacin, Fada Edward Malloy, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya ji kunyar abin da aka yi. Magoya baya da yawa kuwa gani suka yi daidai ne. To, wane ne yake da gaskiya? Kuma idan muka ce wane ya yi laifi, da wane mudu muke auna shi?

Irin wasan da ake magana a kai

Kada mai karatu ya ɗauka ƙwallon ƙafar nan ce da muka sani. Wannan wasa ne na Amurkawa. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, kowa da hular kwano a ka da matashi a kafaɗa saboda tsananin karo. A jami'o'i wasan ya girma, kuma har yau gasar ɗaliban jami'a tana tara mutane fiye da tsammani. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000, na Jami'ar Penn State kuwa fiye da 106,000. Masu buga wasan ɗalibai ne, yawancinsu samari tsakanin shekara 18 da 23, waɗanda iyayensu suka danƙa wa makaranta domin su yi karatu. Waɗanda suke samun shiga babbar gasar ƙwararru bayan sun gama ba su kai 2 cikin 100 ba. Sauran duka, abin da suka koya a aji da halin da suka ɗauka a fili shi ne guzurinsu na rayuwa.

Mai horarwa, wanda aka fi sani da koci, shi ne sarkin wannan fili. A jihohi da dama na Amurka, babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jihar albashi, har da gwamna. A watan Nuwamba 2023, Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, ta kuma ɗauki nauyin biyansa fiye da dala miliyan 75, kuɗin kwangilar da ta yanke kafin wa'adi. Wasannin kaka guda kamar 12 ne, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, yawanci ranar Asabar. Tun daga 1996 an daina tashi canjaras, dole wani ya ci, wani ya faɗi. Ku lura da wannan da kyau. Kowace Asabar, rabin masu horarwa sai sun sha kaye, ko da dukansu gwanaye ne, ko da dukansu tsarkaka ne.

Da zarar an tashi wasa, sai bakuna su buɗe. Tsofaffin ɗalibai, da mutanen gari, da attajirai masu ba da gudummawa, kowa ya kira gidan rediyo ko ya hau intanet ya yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san irin wannan magana. Ba a daɗe ana yinta sai an kai ga kalma ɗaya: a kore shi.

Abubuwa uku da ake haɗawa wuri ɗaya

Cikin wannan hayaniya akwai abubuwa uku da ake cusawa a buhu ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai rashin nasara, akwai rashin iya aiki, akwai kuma laifi.

Rashin nasara yana iya samun kowa. Ɗan wasa ya karye, iska ta karkatar da ƙwallo, alƙalin wasa ya yi kuskure, ko kuwa abokin karawa ya fi ƙarfi a wannan rana. Rashin iya aiki wani abu ne dabam: koci bai san dabara ba, bai iya zaɓen 'yan wasa ba, bai iya tafiyar da mutane ba. Laifi kuwa shi ne mutum ya san abu mugu ne, ya kuma aikata shi da yardar ransa. Abin da muke koya wa yara tun daga ajin katekisma ke nan, cewa alhakin zunubi yana rataye ne a kan sani da yarda. Babu wanda yake faɗuwa a wasa da yardarsa. Amma ƙarya da ɓoye mugunta ba sa faruwa sai mutum ya yarda.

Wani zai ce mini, "Fada, mutumin da ake biya miliyoyi domin ya ci wasa, idan bai ci ba, sallamarsa ai ba zalunci ba ne." Na yarda da rabin wannan magana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Iya aiki wajibi ne a kan wanda ya karɓi aiki, kuma makaranta tana da ikon neman wanda ya fi dacewa. Son nasara ma ba zunubi ba ne. Wasan da ba a son ci a cikinsa ba wasa ba ne, kuma cin fuska ne ga abokin karawa a fito masa da sanyin jiki. Inda na rabu da mai wannan magana shi ne wurin da ake mayar da faɗuwa ta zama laifi, a zagi mutum da iyalinsa kamar ɓarawon da aka kama, sa'an nan a mayar da laifi na gaske ya zama ba komai muddin ana ci.

Ko a ma'aunin nasarar ma, taron jama'a ba ya auna kowa da mudu ɗaya. Willingham, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a Notre Dame, ya ci wasa 21, an ci shi 15, aka sallame shi bayan kaka uku, kafin kwangilarsa ta farko ta cika. Wanda ya gaje shi, Charlie Weis, bayan wasa 7 kacal aka ba shi sabuwar kwangila ta shekara 10, saboda zumuɗin da ya kama kowa. A 2009 aka sallame shi shi ma, ya ci 35, an ci shi 27. In aka yi lissafi, bai kai na farkon ba. Jami'ar ta biya shi kusan dala miliyan 19 bayan tafiyarsa. Hukuncin da aka yanke cikin fushi da wanda aka yanke cikin murna, dukansu ba su tsaya sun yi tunani ba.

Adalci ya sa in faɗi wani abin kuma game da wannan jami'a. A watan Disamba 2001 ta ɗauki George O'Leary, ƙwararren koci da kowa ya sa rai da shi. Cikin kwana 5 aka gano cewa takardar tarihin aikinsa tana ɗauke da ƙarya, har da digiri na biyu da bai taɓa samu ba. Ya ajiye aiki, jami'ar kuwa ta karɓa nan take. Wannan ya yi kyau. Amma mu tuna, O'Leary bai riga ya ci wasa ko ɗaya ba a can. Gwaji mai wuya yakan zo ne sa'ad da mai ƙaryar ya riga ya cika ɗaki da kofuna.

Sa'ad da mai nasara ya yi ƙarya

Jim Tressel ya horar da 'yan wasan Jami'ar Ohio State daga 2001 zuwa 2010. Ya ci kofin ƙasa na kakar 2002, ya kuma doke babbar abokiyar hamayyarsu, Michigan, sau 9 cikin karawa 10. An san shi da kamun kai da yawan magana a kan halin kirki. A watan Afrilu 2010 wani lauya ya sanar da shi cewa wasu 'yan wasansa suna sayar da zobba da rigunan da aka ba su kyauta ga mai wani shagon zanen jiki, abin da dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana a lokacin. Bai kai rahoto ba. A watan Satumba ya sa hannu a takarda cewa bai san da wata karya doka ba, yaran kuwa suka buga kaka guda cur. Da asiri ya tonu, ya ce ya yi shiru ne domin riƙe sirri da kuma tsoron abin da zai sami yaran. A ƙarshen Mayu 2011 ya ajiye aiki, aka kuma share nasarori 12 na kakar 2010 daga littafi.

Abubuwa biyu ne suka fi ba ni tsoro a wannan labari, kuma babu ɗayansu da ya fito daga bakin Tressel. Na farko, da aka tambayi shugaban jami'ar, Gordon Gee, ko ya yi tunanin korar kocin, sai ya yi raha cewa shi dai fatansa kada kocin ya kore shi. Wasa ya yi, amma a cikin wasa akan faɗi gaskiya. Wutsiya ta riga ta fara kaɗa raƙumi. Na biyu, a watan Nuwamba 2012, sa'ad da aka karrama 'yan wasan 2002 a fili, tsofaffin yaransa suka ɗaga Tressel a kafaɗa, filin ya ɗauki sowa. Ba na ƙin a ƙaunaci wanda ya faɗi. Jinƙai ya fi ƙarfin jifa. Amma ɗan shekara 18 da yake tsaye a gefen fili yana kallo, wane darasi ya ɗauka? Ya ga cewa a wannan wasa wanda bai yi ƙarya ba amma ya faɗi, kora ce rabonsa, wanda ya yi ƙarya amma ya ci, kafaɗa ce.

Magoya bayansa sukan ce dokar da yaran suka karya ba ta da adalci tun farko, gama kayansu ne suka sayar, alhali jami'a tana samun miliyoyi da guminsu. Wannan magana tana da nauyi. Tun daga 2021 ma an sassauta, an yarda ɗalibai 'yan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. Amma rashin kyawun doka bai halatta sa hannu a kan ƙarya ba. Wanda ya ga doka ba ta da adalci, hanyarsa ita ce ya fito fili ya yi jayayya da ita, ya kuma ɗauki abin da zai biyo baya. Koyarwar Ikkilisiya a nan ba ta da kwana: ba a aikata mugunta domin alheri ya fito. Kyakkyawar niyya tana iya rage nauyin alhaki, amma ba ta mai da ƙarya gaskiya.

Hannun da ba a gani

Yanzu sai mu juyo kan wanda aka fi mantawa da shi in ana rabon laifi, watau mai goyon baya da kansa. A 1987 hukumar NCAA ta soke kakar wasa gaba ɗaya ta Jami'ar Southern Methodist da ke Dallas a jihar Texas, hukunci mafi tsanani da take da shi. Dalili shi ne an daɗe ana biyan 'yan wasa kuɗi a ɓoye daga asusun sirri, har bayan an ja wa jami'ar kunne. Kuɗin daga aljihun attajirai magoya baya suke fitowa. Bill Clements, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar jami'ar, ya kuma zama gwamnan Texas, ya amsa da bakinsa a wannan shekara cewa da saninsa aka ci gaba da biyan. Jami'ar ta sake rasa kakar 1988, ta yi kusan shekara 20 kafin ta farfaɗo.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Koci ba ya faɗowa daga sama. Yana karanta fuskar waɗanda suka ɗauke shi, yana jin abin da ake faɗa a rediyo, ya san tarihin waɗanda suka riga shi. Idan ya ga ana korar mai gaskiya bayan kaka uku, ana kuma kāre mai ha'inci muddin yana ci, to an riga an gaya masa abin da ake so ba tare da an buɗe baki ba. Wannan bai wanke shi ba, gama lamirinsa nasa ne, shi zai amsa a kansa. Amma wanda ya kafa tarko ba zai ce ba shi da hannu a faɗuwar wanda ya faɗa ciki ba.

A Littafin Firistoci, sura 16, an ba da labarin bunsurun da ake kora jeji a Ranar Kafara. Babban firist yakan ɗora hannuwansa a kan bunsurun, ya hurta zunuban jama'a, sa'an nan a kai shi jeji. Abin da mutane sukan manta shi ne, kafin a kori bunsurun, sai an fara amsa cewa zunuban na jama'a ne. Taron 'yan kallo ya riƙe korar, ya yar da hurcin. Ana korar koci, kowa ya koma gida da zuciya wasai, a ɗauko wani, a ɗora masa irin wannan kaya, a jira Asabar ta gaba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya faru a Penn State

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kuɗi ne da kofuna. Akwai inda abin ya kai ga rayukan yara ƙanana.

Joe Paterno ya shugabanci 'yan wasan Jami'ar Penn State a jihar Pennsylvania daga 1966 zuwa 2011, ya ci wasa 409 da kofin ƙasa biyu, a 1982 da 1986. Ɗan Katolika ne. Sunansa ya tashi ne a kan cewa ana iya cin wasa ba tare da an zubar da mutunci ba. Yaransa suna gama karatu, shi da matarsa sun ba jami'ar miliyoyin daloli, har wani sashe na ɗakin karatu yana ɗauke da sunansa. In ana neman misalin kocin da ya haɗa nasara da gaskiya, shi ake nunawa.

A watan Fabrairu 2001 wani ƙaramin mataimaki ya gaya wa Paterno cewa ya ga Jerry Sandusky, tsohon mataimakinsa da ya yi ritaya a 1999, tare da wani yaro a wurin wankan 'yan wasa cikin hali marar kyau. Paterno ya sanar da shugaban sashen wasanni. Magana ta kai ga manyan jami'ar, amma babu wanda ya kai ta ga 'yan sanda. Sai a watan Nuwamba 2011 aka kama Sandusky. A watan Yuni 2012 kotu ta same shi da laifuffuka 45 na lalata da yara maza 10, wasunsu kuwa bayan 2001 aka cuce su. Binciken da jami'ar ta sa Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI, ya gudanar ya kammala cewa manyan mutane huɗu, har da Paterno, sun ɓoye abin da suka sani domin gudun ɓacin suna. Iyalin Paterno sun ƙi yarda da wannan rahoto, kuma ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. Sauran ukun an same su da laifin jefa yara cikin haɗari a 2017. Shi kansa Paterno, kafin rasuwarsa a watan Janairu 2012, ya ce da ya san abin da ya sani daga baya, da ya yi fiye da abin da ya yi. Hukuncin zuciyarsa yana wurin Allah.

Abin da ya shafe mu shi ne halin taron jama'a. A daren 9 ga Nuwamba 2011, da aka sanar da korar Paterno, dubban ɗalibai suka fantsama kan titi cikin fushi, har suka kifar da motar wani gidan talabijin. Fushin nan saboda koci ne. Bayan kwana biyu, dubbai suka taru da kyandirori domin tunawa da yaran da aka cuta, wannan kuwa ya nuna lamiri bai mutu ba. Amma wanda ya fara fitowa daga zuciya shi ne kishin suna. Hukumar NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta share nasarori 111 na Paterno, sa'an nan ta mayar da su a watan Janairu 2015. An yi shekaru ana muhawara a kan lamba 409, har ana buga ta a riguna. Lambar da ta fi cancanta a riƙa tunawa ita ce 10.

Ba zan iya rubuta wannan ba ba tare da na sunkuyar da kai ba. A wannan jiha ta Pennsylvania, a watan Agusta 2018, rahoton binciken kotu ya bayyana cewa a dayosis 6 na Katolika an zargi firistoci fiye da 300 da cin zarafin yara fiye da 1,000 cikin kusan shekara 70, kuma shugabanni da dama sun zaɓi rufa asiri. Ciwon iri ɗaya ne: an fifita sunan gida a kan lafiyar yaro. A 2019 marigayi Paparoma Francis ya kafa doka da ta wajabta wa firistoci da masu rayuwar keɓewa su kai rahoton irin wannan ɓarna. Saboda haka ba daga kan tudu nake magana ba. Mun ɗanɗana, mun san cewa sunan da aka kāre da shiru yakan rushe gaba ɗaya ranar da shirun ya fashe.

Me ya wajaba a kan mai goyon baya?

Fada Theodore Hesburgh, wanda ya shugabanci Notre Dame daga 1952 zuwa 1987, yana cikin mutum biyu da suka jagoranci kwamitin Knight a kan gyaran wasannin jami'o'i. Rahoton da suka fitar a 1991 ya tsaya a kan cewa shugaban jami'a ne ya kamata ya riƙe linzamin wasanni, kuma ɗan wasa ɗalibi ne kafin komai. Shawara ce mai kyau. Amma shugaba ba zai iya riƙe linzami ba idan mutum 100,000 suna jan dokin ta wani gefe. Gyaran sai ya haɗa da masu zama a kan benci.

Na farko, mu koyi raba baƙin cikin faɗuwa da hukuncin laifi. Ka ji zafi, ka ce dabarar ba ta yi ba, ka ce ma a nemi wani. Amma doka ta takwas ba ta tsaya a ƙofar filin wasa ba. Zato marar tushe, da ɓata suna, da ƙage, zunubi ne ko da wanda aka yi wa attajiri ne, ko da ba zai taɓa jin abin da ka faɗa ba.

Na biyu, mu gwada kanmu da tambaya ɗaya mai sauƙi: da kocin abokan hamayya ne ya aikata wannan, me zan ce? Idan amsarka ta canza saboda launin riga, to ba gaskiya kake kārewa ba, ɓangare kake kārewa.

Na uku, mu tambayi kanmu nawa muke shirye mu biya. Kowa yana son gaskiya muddin kyauta ce. Wanda zai iya jure kaka uku na faɗuwa a hannun koci mai amana, bai nemi a kawo mai ha'inci ba, shi ne mai son gaskiya. Notre Dame ba ta ƙara cin kofin ƙasa ba tun 1988 har zuwa kakar 2024, sa'ad da ta kai wasan ƙarshe aka doke ta. Wannan doguwar jira ita ce jarrabawar magoya bayanta, fiye da ta masu horarwa.

Na huɗu, a kowace rigima mu fara neman mafi rauni, mu tsaya kusa da shi. A filin ƙwallo shi ne saurayin da aka yi wa alkawarin ilimi, da yaron da aka kawo kallo. Koci yana da lauya da kwangila, jami'a tana da masu kāre sunanta. Yaron ba shi da kowa sai lamirin manya.

'Yan'uwa, Amurka tana da nisa, wasan kuma ba namu ba ne, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce. Uban da ba ya tambayar shugaban makaranta komai sai yawan waɗanda suka ci jarrabawa, bai damu da yadda aka ci ba, ya riga ya zauna a wannan benci. Haka ma jama'ar da take auna shugabanta da girman gini ko yawan baiko kaɗai. Duk wanda muka ɗora a gaba yana sauraron abin da muke tafa wa, yana kuma lura da abin da muke yi wa shiru. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma mu ne muke ba ta ruwa sa'ad da furen ya ba mu sha'awa.

Ranar Asabar tana da nata muhimmanci, kada a raina ta. Sai dai mako kwana bakwai ne, kuma wanda zai yi mana shari'a a ƙarshe yana ganin dukansu, har da abin da aka sa wa hannu a ofis ranar Talata ba mai kallo.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai son gaskiya fiye da kofi, da harshe mai jinkirin zargi, da ƙarfin halin yin magana domin ƙanana. Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.